Tayar da ta yi mako shida tana gargaɗi

Karkarwar ta fara ne bayan na wuce Kurfi na miƙi hanyar Katsina, wata safiyar Asabar a ƙarshen daminar 2022. Allurar maleji ta ɗan haura 80, sai na ji sitiyari yana ɓari a tafin hannuna, irin ɓarin da waya ke yi in an kira ta tana kan tebur. Na sassauta ƙafa, abin ya ɗauke. Na sake takawa, ya dawo daidai inda ya tsaya. Mahaifiyata tana kujerar baya, ganin likita zan kai ta, kuma ba ta ji komai ba, don har ta fara gyangyaɗi. Na rage gudu, muka ƙarasa lafiya. A cikin gari kuwa lumui motar take tafiya, ka rantse ba abin da ke damunta.

Zargina na farko ya faɗa kan laka, kuma ina da dalili. Ina da ’yar gona a gefen Zobe, ta wajen Makera, kuma jiya-jiyan nan na shiga can da motar. Duk wanda ya san hanyoyin da ke kewaye da madatsar nan, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaɗuwa, ya san irin taɓon da ake kwasowa idan ruwa ya cika ya malalo cikin fadamu. Laka ce mai danƙo, in ta shige bayan rim ta bushe sai ta koma kamar siminti. A wurin wankin mota na sa yaro ya leƙa, ya kuwa kankaro dunƙule-dunƙule daga bayan ƙafafun gaba. A hanyar komawa Dutsin-Ma karkarwar ta ragu sosai. Na yi hamdala, na ɗauka an rabu.

Bayan kwana huɗu ta dawo.

Mako na biyu na kai motar wurin masu balansin a Katsina. Suka ɗora kowace ƙafa a kan inji, ya juya ta, lambobi suka fito, suka buga ’yan dalma a bakin rim. Na lura ƙafar gaba ta dama ta ci dalma fiye da sauran ukun a haɗe, har yaron ya sake ɗora ta sau biyu kafin inji ya nuna sifiri. Na gani da idona, amma ban san abin da na gani ba. Motar ta yi shiru na kusan mako guda, sannan ta koma gidan jiya, wannan karon tun daga 70 take farawa. Daga nan sai gareji. Bakanike ya girgiza ƙafa ya ce tayarod ne, aka canza. Bai yi ƙarya ba, don kawunansu sun ɗan saki, sai dai ba su ne ciwon ba. Wani ya ce shaf ne, aka sayo na gwanjo aka ɗaura. Kafin mako na biyar na kashe abin da ya kusa albashina na wata, mota kuwa rawa take ƙarawa, har madubin ciki ya fara nuna motar bayana biyu-biyu.

Abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne. Mutumin Dutsin-Ma ko Kurfi na shekarun nan ya san ba a son mota ta tsaya a daji, musamman in rana ta yi sanyi. Doka ta ce ƙaramar mota kada ta wuce 80 a irin wannan hanya, amma tsoro yana da nasa malejin, kowa so yake magariba ta same shi a gida. Ga shi kuma saura kwana biyu ɗaurin auren ƙanina a Kano, kuma ni zan ɗauki mahaifiyarmu, da maiɗakina, da yara.

Ran Laraba, ranar kasuwar Dutsin-Ma, na tsaya ƙara iska wurin wani tsohon mai faci da ke zaune ƙarƙashin bedi a bakin hanyar Kankiya. Kowa Baba yake ce masa. Ya yi yaron mota, ya yi tuƙin babbar mota shekaru masu yawa, da ido ya fara rauni ya dawo gida ya kama faci. Ina shigowa a hankali, kamar tafiyar ƙafa, ashe ni yake kallo. Kafin in kashe inji ya taso.

“Malam, motar nan taka ɗingishi take yi.”

Na ce, “Baba, ai a kan gudu take damuna. A hankali lafiya lau take.”

“Da can ne take lafiya lau. Koma baya ka sake tahowa, ka saki sitiyarin.”

Na yi yadda ya ce. Sai ga sitiyari yana ɗan kaɗa kai, dama, hagu, dama, hagu, a hankali ƙwarai, kamar mai jin karatu. Mako shida ina riƙe da shi gam saboda tsoro, shi ya sa ban taɓa lura ba. Na ba shi labarin laka, da balansin, da tayarod, da shaf. Bai zagi aikin kowa ba. Ya dai tambaye ni abin da ba wanda ya tambaye ni tun da aka fara: a wane gudu take farawa, a hannu nake ji ko a mazauni, da safe ta fi yi ko bayan rana ta take, in na taka birki tana ƙaruwa ko tana nan yadda take. Da na amsa masa cewa da sanyin safiya takan yi sauƙi, amma in na yi tafiyar rabin awa cikin rana sai ta tsananta, ya yi shiru, ya cire hularsa ya mayar. Sannan ya ce wa yaronsa ya kula da runfa, ya buɗe ƙofa ya shiga gaba.

Muka fita bayan gari inda hanya ta miƙe ba kowa. Da karkarwar ta kama, ya ce in danne kuloci. Na danne, ƙarar inji ta faɗi, amma sitiyari bai fasa ɓari ba. Ya ce, “To, inji ya fita. Da shi ne, ko kujerunsa, da rawar ta bi ƙararsa ta sauka.” Ya ce in taɓa birki kaɗan. Na taɓa, feda ba ta bugun ƙafata, rawar kuma ba ta ƙaru ba. Ya ce diski ya fita, domin diskin da ya lanƙwashe ba ya magana sai an matse shi. A wata ’yar hawa ya sa na ba ta wuta sosai, sannan na ɗage ƙafa gaba ɗaya. Ba bambanci. “Shaf ɗin da ka cire ma lafiyarsa ƙalau,” in ji shi. “Shi shaf in ya ci, sai kana jan kaya ko kana hawa yake girgiza, kana ɗage ƙafa ya yi shiru.” Ya ɗora tafin hannunsa a kan dashbod, ya mayar ƙasan kujera, ya sake mayarwa dashbod. Kunne ya kasa ko za a ji gurnanin boris, muka bi kwana ta dama da ta hagu, babu. Duk wannan bai kai minti goma sha biyar ba, kuma ko sifana ba a taɓa ba.

Da muka dawo runfa, sai ya yi abin da har yau nake ganin shi ne gwanintar. Bai kwance duka ƙafafun ba. Gefen dama kawai ya ɗaga, ya mayar da ta gaba baya, ta baya gaba, ya ce mu koma. Muna kaiwa 80 sitiyari ya tsaya cik a hannuna kamar an ɗaure shi, amma kujerar da nake kai ta ɗauki rawa, har ina jin ta a ƙashin bayana. Baba ya yi murmushi ya ce, “Ciwon ya bi ƙafa ya koma baya. Yanzu saura mu gane rim ne ko taya.”

Ya ɗaga ƙafar da jek, ya ajiye bulo a gefenta, ya ɗora ƙusa a kan bulon har bakinta ya kusa taɓa leɓen rim, ya juya. Tazarar ba ta canza ba, rim a miƙe yake. Ya matsar da ƙusar ta fuskanci haƙoran taya, ya sake juyawa. A nan ne na ga abin da ya sa jikina ya yi sanyi. Layukan haƙoran suna tafiya a miƙe, sai a wani wuri su karkace kamar maciji ya ratsa rairayi, kuma daidai wurin tayar takan taso ta goge bakin ƙusar. Ya kama hannuna ya ɗora a kan wurin. Tudu ne mai faɗin tafin hannu biyu, ido ba ya ganinsa in taya tana ƙasa, amma hannu yana ji. Da ya danna da babban yatsa, wurin ya lotsa kamar ɓawon burodi.

“Waya ta rabu da roba,” in ji shi. “Ina za ka da ita?”

“Kano, Baba. Jibi. Da tsohuwa da yara.”

Ya dube ni, ya ce, “Ɗana, wannan ko Kankiya ban yarje maka ba.”

Da izinina ya sace iskar, ya cire tayar daga rim, ya sa wuƙa ya tsaga haƙoran a bakin tudun. Daga nan bai ƙara amfani da wuƙa ba. Da yatsu ya kama ya ja, roba ta ɓare kamar ɓawon rogo, tsawon kamu biyu, ba wani ƙarfi. A ƙarƙashi wayoyin ƙarfen da ya kamata su kasance farare, manne cikin roba, sun yi ja da tsatsa, wasu sun tsinke sun miƙe kamar gashin bushiya, ga wani baƙin gari da ya taru inda shimfiɗa biyu suka daɗe suna gugar juna. A tsakiyar wurin akwai tsohon faci, irin wanda ake cusawa da allura ba tare da an kwance taya ba. Ba ni na yi shi ba, da shi na saye ta. Ta nan danshi ya riƙa shiga, kuma duk ruwan da na ratsa a hanyar Zobe cikin daminar nan ya ƙara masa.

Ni malamin kimiyya ne a sakandare, don haka da dare na zauna da biro na lissafa abin da Baba ya sani da hannu. Tayar ƙaramar mota irin tawa kewayenta kusan mita 2 ne. A gudun kilomita 100 cikin awa tana juyawa kusan sau 14 a kowace daƙiƙa. In akwai nauyin giram 30 da ya fi yawa a gefe ɗaya na haƙoranta, abin da bai kai nauyin ƙwan kaza ba, a wannan gudu yana fizgar ƙafar da ƙarfin da ya kai na kilo 7, sau 14 a daƙiƙa. In gudu ya ninka biyu, fizgar sau huɗu take ninkawa, shi ya sa a cikin gari ba a jin komai. Sannan ƙafar mota, da ke zaune tsakanin sifirin da iskar taya, tana da nata saurin tsalle da ta fi so, wajen sau 10 zuwa 15 a daƙiƙa. Idan juyawar taya ta zo daidai da wannan, sai su haɗa baki, kamar mai tura lilo a daidai lokacin da ya dawo. Wannan ne ya sa yawancin irin wannan rawa ke fitowa tsakanin 80 da 110, wani lokaci ma ta lafa in an wuce. Direbobi da yawa sukan ce “taka ta wuce wurin”. Rawar ce ke lafawa, ɓarnar tana nan tana ci.

Lissafin ya kuma nuna mini dalilin da balansin bai warkar ba. Injin balansin nauyi yake aunawa, ba ya tambayar ko taya a zagaye take. Ana iya daidaita nauyin ƙwai har inji ya nuna sifiri, amma ba zai gangara kamar ƙwallo ba. Dalmar da ƙafar nan ta ci fiye da kima ita ce alamar farko, domin tayar kirki a kan rim na kirki ba ta neman dalma mai yawa haka. Da tudun ya ƙara girma, sai dalmar ta tashi aiki. Zafin rana kuwa yana tausasa roba, yana ƙara matsin iska a ciki, sai wurin da ya saki ya ƙara kumbura. Abin da Baba ya ji ke nan a amsata ya yi shiru.

Kafin in bar runfar ya nuna mini wani abu a gefen tayar, bayan haruffan DOT: lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye, 2311. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. An yi ta a mako na 23 na 2011, shekarar da aka kafa Jami’ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Shekararta 11. Ni kuwa wata takwas da suka wuce na saye ta a gwanjo, haƙoranta ras, an shafe ta da mai tana ƙyalli. Kamfanonin mota da dama suna cewa a sauke taya in ta shekara 6 ko da haƙoranta ba su cinye ba, masu yin taya sukan sa iyaka a shekara 10, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuwa shekara 4 take faɗa wa direbobinmu. Ba na ganin laifin talakan da ya sayi ’yar gwanjo, don na san abin da ya kai ni. Tun da Michelin ya rufe masana’antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi bayansa a Legas a 2008, tayar mota daga waje take zuwa mana, farashinta kuma dala yake bi. Shigo da tsohuwar taya haramun ne a dokar kwastan, amma ana shigowa da ita, sau da yawa an cusa uku ko huɗu cikin guda don a rage wuri, abin da ke karya wayoyinsu tun kafin su taɓa kwalta.

Daga baya na karanta cewa wannan ciwo, rabuwar haƙora da waya, ya taɓa girgiza Amurka gaba ɗayanta, kuma a kan tayoyin da ba na gwanjo ba. A ƙarshen shekarun 1990 motocin Ford Explorer masu tayar Firestone suka fara kifewa a kan manyan hanyoyi: ana cikin gudu haƙoran taya su ɓare, yawanci ta baya ta hagu, mota mai tsayi ta yi gefe ta wuntsila. A ƙasashe masu zafi abin ya fara bayyana. Tun a watan Yuli na 1998 wani ma’aikacin kamfanin inshora na State Farm mai suna Sam Boyden ya aika wa hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka bayanin haɗurra 21 masu kama da juna, ba a ɗauki mataki ba. A 1999 Ford ya canza wa mutane tayoyi a Saudiyya, a 2000 ya yi haka a Benezuwela, Amurkawa ba su sani ba. Sai da wani gidan talabijin na Houston a jihar Texas, KHOU, ya fallasa labarin a watan Fabrairu na 2000. Ranar 9 ga Agusta na wannan shekara Firestone ya janye taya miliyan 6.5. Kamfanonin biyu suka kama zargin juna: Ford ya ce aikin masana’antar Firestone ta Decatur da ke jihar Illinois ne, Firestone ya ce iskar da Ford ya ce a sa, 26 a geji, ta yi kaɗan, 30 ya kamata. Ƙarancin iska yana sa taya ta riƙa lanƙwasa tana ɗaukar zafi, zafi kuma shi ke cinye manne tsakanin waya da roba. A watan Mayu na 2001 suka raba gari bayan kusan shekara 100 suna hulɗa, Ford ya canza wasu tayoyin miliyan 13, aka rufe masana’antar Decatur a ƙarshen shekarar. Rayuka 271 hukumar ta danganta da lamarin a Amurka kaɗai. Dokar da ta biyo baya ce ta sa sababbin motocin can suke zuwa da fitilar da ke kamawa in iskar taya ta yi ƙasa.

Da na kai wurin adadin nan na ajiye wayar da nake karatu a kai, na tuna Texas da Saudiyya ba su fi kwaltar Katsina zafi ba a watan Afrilu. Na tuna kuma tayata a gaba take, gefen dama, kuma da kaya da mutum shida za ta yi tafiyar Kano. Ba kowace taya ke yin gargaɗi kafin ta ɓare ba. Tawa ta yi mako shida tana yi, ni kuma ina yawo gareji-gareji ina neman a rufe mata baki.

Ran Alhamis na ranci kuɗi wurin abokin aiki na sayi sababbin taya biyu, na duba lambobin da kaina kafin in biya. Baba ya ɗaura su, ya duba sauran biyun da safaya da tafin hannu, zagaye ɗaya-ɗaya, ya ce su kai ni wata uku amma kada in wuce haka. Na tambaye shi kuɗin aikinsa, ya ce kuɗin ɗaurin taya biyu da iska. Na ƙara masa, ya ƙi, sai da na ce na goro ne daga tsohuwa sannan ya karɓa. Tsohuwar tayar kuwa bai bar ta haka ba. Ya sa wuƙa ya farke gefenta daga sama har ƙasa, ya ce in an bar ta da gefe lafiyayye wani zai ɗauka ya liƙe ta da gam, ta sake komawa kasuwa.

Ran Juma’a da sassafe muka tashi. Muka bi ta Kankiya muka hau titin Kano. Allura ta kai 80, na sassauta riƙo har sai da yatsu biyu kawai suka rage a kan sitiyari, bai motsa ba. Na duba madubin ciki, motar da ke bayana guda ɗaya ce. Mahaifiyata ta tambayi ƙaramin jikanta ko ya karya, ya ce a’a, ta buɗe ledar ƙosai ta miƙa masa.